Dulohupa: Matakala Biyar, Ginshiƙi 32

Magini:
Salamu alaikum 'yan uwa. Yau baitinmu kan gidajen gargajiya na mutanen Gorontalo ne, a arewacin tsibirin Sulawesi na Indunusiya, lardin da ya samu cin gashin kansa a 2000. Amsa-amo "wa". Wanda ya karya, goron majalisa na wuyansa.

Gidan katako kan ƙafafu, Dulohupa,
Nan dattawa a da suke zaman sasantawa.
Sunan ma a harshensu yarjejeniya ne,
Sai baki ya zo ɗaya ake watsewa.
Ginshiƙi 32 suka ɗauke shi daga ƙasa,
Kusurwoyin iska suke wakiltawa.

Malama:
Yaya Magini, ka tsaya a gindi,
Taka matakala, akwai abin dubawa.
Taki biyar, shika-shikan Musulunci,
Ginshiƙi shida a gaba, imani suke tunasarwa.
Inda aka yi taki bakwai, matakan nafsu ne,
Daga ammara har kamila ake hawa.
Rufin hawa biyu ne, al'ada da shari'a,
Al'ada ga shari'a take jinginawa,
Shari'a kuwa, in ji karin maganarsu,
Ga Alƙur'ani take dogarawa.

Ɗan Auta:
Gafarta Malama, ni fa ina da ja,
Damina ce ta koya musu ɗagawa.
Gefen tafkin Limboto ruwa kan yi ambaliya,
Mai kwana a ƙasa tabarmarsa ke jiƙewa.
Ruwa ne ya fara ba su dabarar ƙafafu,
Fassarar malamai daga baya take biyowa.

Malama:
Ƙanena, ruwa ya ce a ɗaga, na yarda,
Amma bai ce biyar ba, bai iya ƙirgawa.

Kaka:
Ku bar musu, jikokina, ku ji payango,
Awon da ake yi kafin a fara kafawa.
Gabar mai gidan ake ɗauka, hannu zuwa hannu,
A kasa takwas, kowanne da abin da yake jawowa:
Rahama, bala'i, riba, asara,
Haihuwa, mutuwa, tsawon rai, ƙonewa.
Ana so ƙofa ta faɗa a kan rahama,
In ta faɗa kan asara, sai a sake aunawa.

Ɗan Auta:
Kaka, na sallama, amma ku ji kukana,
Gidan hayarmu ba wanda ya auna ni wajen ginawa.
Ban san kan me ƙofarmu ta faɗa ba,
Goshina dai take faɗa wa, fita da shigowa.