Nutso a Scapa Flow: shin gogewar ruwan ɗumi ta wadatar?

Ɗan Gwarinpa:
Assalamu alaikum. Mazaunin Abuja ne ni, kuma na daɗe ina zuwa nutso Bahar Maliya idan na samu hutu, har na sauka kan Thistlegorm, jirgin Birtaniya da aka nutsar a 1941, wanda ke kwance a zurfin kimanin mita 30. Yanzu hankalina ya karkata ga Scapa Flow a arewacin Sikotilan, inda sojojin ruwan Jamus suka nutsar da jiragensu da hannunsu a 1919. Shin abin da na sani ya isa, ko akwai horon da ya wajaba in fara nema?

Tsohon Mai Nutso:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bai isa ba, kuma sanyin ne ya fi zurfin damuna. Ko da bazara ruwan can ba ya wuce digiri 14, don haka sai da rigar da ruwa ba ya ratsa ta. Ita kuwa iska ake hura mata, kuma idan iskar ta taru a ƙafafu, sai ta juya mutum kai ƙasa ta yi sama da shi babu shiri. Ka koye ta a ruwa marar zurfi har hannunka ya saba.

Jiragen yaƙi bakwai suka rage a can, manya uku da ƙanana huɗu. Markgraf, ɗaya daga cikin manya ukun, a kife yake a zurfin kimanin mita 45, inda za ka sha iska fiye da ninki biyar na abin da kake sha a sama, ga mayen da naitirojin na cikin iskar shaƙa ke jawowa a zurfi, wanda sanyi da duhu ke ƙara wa ƙarfi. Yatsu kan sandare har ɓalle maƙalli ya gagara, na'urar shaƙa kuma tana iya daskarewa ta yi ta zubar da iska. Ka fara da ƙananan huɗun, kuma kada ka kutsa cikinsu ba tare da horo da igiyar jagora ba, domin taɓo kaɗan idan ya tashi, ƙofar fita ta ɓace.

'Yar Rayfield:
Malam, ina ƙara maka da batun dawowa, wanda mu mutanen Jos ba ma wasa da shi saboda tudunmu ya kai kimanin mita 1,200. Bayan nutso mai zurfi na kwanaki a jere, ka bari aƙalla awa 24 ta cika kafin ka hau jirgin sama, domin ragowar naitirojin na iya zama kumfa a jini idan matsin iska ya ragu, kamar yadda yake yi a cikin jirgin sama ko a kan tudu.

Ɗan Gwarinpa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan ɗage tafiyar zuwa baɗi, in fara da horon rigar.