Gudanar jini a ƙwaƙwalwa a farkon cutar mantuwa: abin da aka tsayar a tattaunawa

Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin ɗari ce kawai na nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke turawa. Daga nan aka faro tattaunawar kan cutar mantuwa da magungunanta. A farkon cutar Alzheimer, wato nau'in cutar mantuwa, hoton ƙwaƙwalwa irin SPECT ko MRI kan nuna jini ya ragu a sassan gefe da saman bayan ƙwaƙwalwa, wani lokacin tun kafin mantuwar ta fito fili. Sai dai kowa ya yarda hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci, dole likita ya haɗa da gwajin tunani da bayanin iyali.

An fi daɗewa kan donepezil, maganin cutar Alzheimer, wanda Amurka ta amince da shi a 1996. Ana farawa da miligiram 5, a ƙara zuwa 10 bayan mako 4 zuwa 6. Yana ɗan sassauta alamomi, bai warkar da cutar ba. Abin da ya fi damuna shi ne yana iya rage bugun zuciya, ga dattijo kuma yana shan maganin hawan jini. Ya miƙe, jiri ya ɗebe shi, ya faɗi. Shawarar ita ce a auna bugun zuciya da hawan jini a zaune da a tsaye, kada kuma a tsayar da magani sai da iznin likita.

A kai wa likita duk magungunan gida. Irin su amitriptyline (maganin ciwon damuwa) da diphenhydramine (maganin alaji) suna kishiyantar aikin donepezil, suna ƙara ruɗewa.

Mai karɓar lecanemab kuwa, wani maganin cutar Alzheimer, sai da MRI akai-akai, saboda kumburi da ɗigar jini a ƙwaƙwalwa.