Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi: ko ta dace da gidan Mataimakin Shugaban Ƙasa?

Ɗalibi, Samaru:
Assalamu alaikum malamai da iyayena. Jiya muka yi gardama a kan gidan Mataimakin Shugaban Ƙasa da ke Abuja, wanda aka ba da kwangilarsa a 2010 a kan naira biliyan 7, aka yi watsi da aikin shekaru masu yawa, sannan aka kammala shi aka buɗe a watan Yunin 2024 bayan kuɗinsa ya kai naira biliyan 21. Wani abokina ya ce duk gwamnatin da ta zo nan gaba ta sayar da shi kawai, da na ce masa wannan hasara ce sai ya amsa mini da cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Ina roƙon a warware mini, shin ya sa karin maganar a muhallinta kuwa?

Malamin Hausa, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ɗana, sai mun fara da tokar kanta kafin mu je Abuja. A da toka haja ce, domin masu rini suna zuba ta a marina tare da baba, masu sabulun salo da ita suke aiki, mata kuma suna tace ruwanta su sa a miya idan babu kanwa. To amma komai tsadarta ba za ta kama ƙafar hatsin da ke cikin rumbu ba. Saboda haka idan Bahaushe ya ga mutum ya aikata abin da a zahiri wauta ne, sai ya faɗi wannan magana, yana nufin kada a yi saurin tausaya masa, akwai wani lissafi a ransa da ba a gani ba. Abokinka ya ɗauke ta a matsayin izini, alhali ba ta cewa a ƙona rumbu, bayanin wanda ya riga ya ƙona kawai take yi.

Hajiya, Sabon Gari:
Allah ya gafarta malam, ni a gidanmu ba haka na tashi na ji ana amfani da ita ba. Mahaifiyarmu takan faɗe ta ne idan ta gaji da yi wa mutum nasiha ya ƙi ji, wato ta zare hannunta, shi ya sani. Gatse ne, ba yarda ba ce cewa yana da wata dabara a ɓoye. A wannan ma'anar kuwa wanda ya kamata a faɗa wa ita shi ne wanda ya kashe biliyan 21 a kan gidan mutum ɗaya, shekara guda bayan cire tallafin man fetur. Ku raba kuɗin da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, za ku ga albashin wata ne na ma'aikata 300,000, kuma ga gidan Aguda nan inda mataimakan shugaban ƙasa suka daɗe suna zama.

Malamin Hausa, Tudun Wada:
Hajiya, ban musa ba, ana yin gatse da ita, kuma murya ce ke bambanta ma'anonin biyu. Sai dai gini ba ƙonawa ba ne. Ko da an yi almubazzaranci wajen gina shi, rumbun yana nan tsaye.

Dattijo, Ƙofar Doka:
Ku duka biyu kun wuce wani ɗan harafi ba ku tsaya a kansa ba. Cewa aka yi rumbunsa, ba a ce rumbu ba. Hikimar maganar ta rataya ne a kan mallaka, domin abin da ya sa ake ƙyale mai ƙonawa shi ne hatsin nasa ne, shi ya noma, shi zai kwana da yunwa. Gwamnati kuwa mai gadi ce, kuma idan mai gadi ya ƙona rumbun gari sannan aka iske ya san inda toka ke kuɗi, to alƙali ya kamata a kira. Wannan ne tsorona game da sayarwa, domin galibi wanda zai saya da wanda zai sa hannu a takardar sayarwa sun san juna. Ku dubi tsohuwar sakatariyar gwamnatin tarayya da ke Ikoyi a Legas: bayan komawa Abuja a 1991 an yi yunƙurin cefanar da ita, magana ta shiga kotu, ginin ya shekara da shekaru yana lalacewa, ba hatsi ba toka. Sannan ku dubi gidan Sardauna a Kaduna, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966. Da an bi zafin zuciya, da an share wurin ko an kulle shi, amma aka mayar da shi Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi da bincike a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda 'ya'yanmu na nan Zariya suke zuwa neman takardu har gobe.

Ɗalibi, Samaru:
Baba, na gode. Ke nan ra'ayinka shi ne a mayar da gidan wata cibiya?

Dattijo, Ƙofar Doka:
Ko cibiya, ko masaukin baƙin gwamnati domin a rage kuɗin otal, ko ma Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin ya zauna a ciki a ba wata hukuma mai biyan haya tsohon gidan. Abin da ba na so shi ne katafila da gwanjo.

Hajiya, Sabon Gari:
Baba, na karɓi gyaranka a kan rumbunsa, amma ban karɓi misalin Gidan Arewa gaba ɗaya ba. Shi tarihi ne ya ba shi daraja, kuma ɗalibi yana iya shiga mota daga Kwangila a nan Zariya ya isa ƙofarsa cikin awa biyu. Wannan kuwa yana cikin unguwar da jami'an tsaro ba za su bar talaka ya ratsa ba, ga kuɗin dizal da gyara da ma'aikata da za a riƙa warewa duk shekara ko da mutum a ciki ko babu. Idan aka yi gwanjo a bainar jama'a, aka bayyana mai saye da farashi, aka kuma nuna asibitin da kuɗin ya shiga, ni ban ga ƙonawa a nan ba, hatsi ne aka kai kasuwa.

Malamin Hausa, Tudun Wada:
Idan haka ne, Hajiya, kin fita daga karin maganar baki ɗaya, domin mai kai hatsinsa kasuwa ba ruwansa da farashin toka. Ɗana, ka koma ka tambayi abokinka wace sayarwa yake nufi, ta Hajiya ko wadda Baba yake tsoro, ka kawo mana amsarsa.