Abin da aka tsayar a zamanmu kan fursunoni da annoba

Maganar da ta fi cin lokaci a zaman namu kan yadda za a kare fursunoni lokacin annoba ita ce cunkoso a gidajen yari. Wani tsohon gandiroba ya ce a ɗakin da ake kwana kafaɗa da kafaɗa, bokitin bahaya ɗaya a lungu, taga kuma 'yar ƙarama can sama, cewa mutum ya ba da tazara ɓata baki ne. Shi ya sa shawarar farko ta zama rage mutane. An tuna afuwar da Shugaba Buhari ya yi wa fursunoni 2,600 a watan Afrilun 2020, lokacin korona. An yaba, amma mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, afuwa kuwa ba ta kai gare su. Su kam, alƙalai ne za su shiga gidan yari su duba takardunsu, a ba da beli, mai ƙaramin laifi a sa shi aikin gayya kamar yadda dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba da dama. Ni dai nan na fi tsayawa.

Sauran shawarwarin: sabon shiga a keɓe shi kwana 14. A gwada ma'aikata, domin su ke fita su dawo kullum. Sabulu da ruwa kyauta.

Idan an hana ziyara, a buɗe hanyar waya, a kuma bar abincin gida ya riƙa shiga, don da yawa da shi suka dogara.

Aka taɓo almajirai ma: kwashe su a mota zuwa jihohinsu ba gwaji, yadda aka yi a 2020, yaɗa cutar ne. A gwada su, a ciyar da su a inda suke.