Za mu buɗe reshe a Sabon Gari, yaya zan haɗa kwamfutocin?

Alhaji Musa: Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawara, za mu buɗe reshen shagonmu na kayan gini a Sabon Garin Zariya, babban ofis yana Kano. Kwamfuta 6 ne, firinta ɗaya, POS biyu, sai kyamarori 4 da nake so a sa a sito. Wani yaro ya ce in sayi rauta ɗaya mai ƙarfi kowa ya hau waifai shikenan. Haka ne?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka. Gsky kar ka yi haka. Duk abin da ba ya motsi, kwamfutar kashiya ce, firinta ce, kyamara ce, a ja masa waya, waifai a bar wa wayoyin hannu. Balle kai kayan gini kake sayarwa, sito cike da kwanon rufi da rodi, sigina ba zai ratsa ƙarfen nan ba ko ka sayi rautar da ta fi kowacce tsada. Kebul kuma ka ce Cat6 kake so na jan ƙarfe zalla, don akwai wanda ake rubuta CCA a jikin kwalinsa, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, ya fi araha amma yana karyewa kuma ba ya ɗaukar wutar kyamara da kyau. Kafin ka biya ka fere bakin waya ɗaya ka kankare da wuƙa, in fari ya fito ka ajiye musu abinsu. Kuma kar waya ɗaya ta wuce mita 100.

Hajiya Maryam: Ni dai Alhaji wuta zan ce ka fara dubawa. A kemis ɗinmu na Samaru da an ɗauke wuta komai sai ya mutu, kafin a tada janareta rauta ta gama tashi kwastoma ya gaji ya tafi. Yanzu rauta da siwic, wato akwatin da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa a ciki, suna kan inbata su kaɗai, ba sa cin wuta sosai. Sannan damina, wlh tsawa ɗaya ta ƙona mana siwic ta wayar kyamarar da ke waje. A yi maka atin na gaske, wato ƙarfen da ake binnewa a ƙasa don wuta ta bi ta sauka, a sa abin kare tsawa.

Injiniya Bashir: Hajiya ta faɗi gaskiya. Siwic ɗin kuma ka lissafa: kwamfuta 6, firinta, kyamara 4, na'urar naɗar hoton kyamarorin, da na'urar waifai ta silin, 13 kenan, ga wayar da za ta tafi rauta. Mai rami 16 ya kusa cika tun ranar farko, in da hali ɗauki mai 24. Ya zama mai PoE, shi ne zai ba kyamarori wuta ta cikin kebul ɗin, ba sai an ja soket zuwa sito ba. POS yawanci da layinsu suke zuwa, ka bar su a kai.

Sadiq Kongo: Baba Alhaji ka sa Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, kawai ka huta, tun 2023 ta shigo Najeriya.

Malam Auwal: Sadiq ba kowa ke buƙatarta ba. Tana cin wuta fiye da rautar SIM nesa ba kusa ba, inbatan Alhaji za ta ji a jikinta, kuma cikin gari ne ba ƙauye ba. Ni shawarata layi biyu na kamfani daban-daban, misali MTN da Airtel, amma ka shiga cikin shagon da kanka ka gwada su da rana tsaka lokacin da kasuwa ta cika, ba a bakin titi ba. Rauta irin TP-Link ER605 ko MikroTik tana karɓar layi biyu, ɗaya ya faɗi ta koma ɗayan da kanta.

Alhaji Musa: To lissafin da nake so Kano su riƙa gani fa?

Malam Auwal: VPN za a yi tsakaninku, wato rufaffiyar hanya ta cikin intanet da za ta haɗa reshen da Kano, MikroTik mai manhajar RouterOS 7 tana da wani nau'in VPN mai suna WireGuard a ciki. Sai dai layin SIM galibi ba ya ba ka adireshin IP, wato adireshin intanet, naka na kanka, don haka reshen Zariya ne zai riƙa kiran Kano, can ne ya kamata a nemi tsayayyen adireshi. Kuma dan Allah waifan baƙi da na yaran shago a ware shi da VLAN, wato a raba masa layinsa daban a cikin rauta da siwic, kar wayar direban tirela ta zauna layi ɗaya da kwamfutar kuɗi.

Hajiya Maryam: Kalmar sirrin rautar ma ka karɓa a rubuce a hannunka ranar da aka gama aiki, mu wanda ya haɗa mana ya koma wani gari sai da aka goge komai aka sake.

Alhaji Musa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya gobe bayan la'asar za ka iya zuwa ka auna tsawon wayoyin? Masu silin jibi za su fara.

Injiniya Bashir: In sha Allah zan zo. Ka ce su dakata da rufe ɓangaren sito sai mun wuce da bututun waya.