Me za mu yi wa mahaifiyarmu bayan rasuwarta, kuma yaya jikokinta za su san ta?

Autar Inna:
Assalamu alaikum. Allah Ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa a watan Sha'aban da ya wuce, a Zariya, bayan doguwar jinya. Da sana'ar man gyaɗa da ƙuliƙuli ta ɗauki nauyin karatunmu tun bayan rasuwar mahaifinmu, ta kuma riƙi 'ya'yan dangi da dama har ta aurar da su, ba ta taɓa bambanta su da mu ba. An gama zaman makoki, kowa ya koma gidansa. Abin da ke damuna shi ne yawancin jikokinta ƙanana ne, ina tsoron su tashi ba su san ko wace ce ita ba, in ban da hotonta. Ina neman shawarar abin da zai amfane ta, ya kuma sa su san ta.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ji ƙanta, Ya haskaka kabarinta, Ya ba ku haƙurin rashi. Ku fara da bashi, 'yar'uwa. Mai sana'a irin tata da wuya a rasa adashe ko ajiyar wani a hannunta, don haka ku bi abokan cinikinta ku tambaya kafin a raba gado. Bayan wannan sai sadaka mai gudana, wadda hadisin Muslim ya ambata tare da ilimi mai amfani da ɗa nagari mai addu'a. Lokacin da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu, ya tambayi Manzon Allah (SAW) sadakar da ta fi, aka ce masa ruwa, sai ya haƙa rijiya da sunanta. Idan kuka haɗa ƙarfi ku 'ya'yanta, ko famfo ɗaya a unguwarku ya isa.

Maman Walida:
Allah Ya gafarta wa Inna. Ni maganar jikoki zan yi, domin na ga yadda tarihin tsofaffinmu mata yake salwanta, alhali na maza ana riƙe shi. Ki gaggauta zuwa wurin ƙawayenta da ƙannenta da suka rage, ki ɗauki muryarsu a waya, kada ki ce sai kin samu sarari, domin su ma shekaru sun ja. Tsoho ba ya son a ce masa "ba ni tarihi", amma idan kika tambaye shi abin da ya gani da idonsa, magana za ta zubo. Ki tambaye su inda take lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da yadda ta yi ciniki a 1973 da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, shekarar da fari ya addabi Arewa. Ki tambaye su wanda ya koya mata sana'a, da kirarin da ake yi mata, da tatsuniyoyin da take yi muku da dare. Waɗannan ne yara za su riƙe. Ziyarar ma kanta lada ce, domin sada zumunci da aminan iyaye yana cikin biyayyar da ta rage a kanku.

Autar Inna:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri. Akwai aminiyarta da suka yi aure shekara ɗaya, tana nan da rai a Tudun Wada, in sha Allah ranar Juma'a zan je wurinta tare da babbar 'yata, wadda ita ce takwarar Inna. Maganar adashe kuwa yau zan sanar da yayanmu.