Ƙarshen damina a Kaduna: ina ake kai baƙi a Satumba da Oktoba?

Abban Khadija, Unguwar Sarki:
Assalamu alaikum jama'a. Duk shekara idan marka ta wuce, gari ya yi kore shar, sai tambaya ta yawaita: ina ne ya dace a kai iyali ko baƙi a jihar nan kafin hunturu ya busar da komai? Ina roƙon duk wanda ya san wani wuri da idonsa ya faɗa mana yadda yake a wannan lokacin, da hanyarsa, da abin da ke ɓata tafiya. Allah Ya saka da alheri.

Malam Garba, Kafanchan:
Wa alaikumus salam. In dai Satumba ake magana, Matsirga ce kan gaba, ba ta da na biyu. Ruwan yana gangarowa ne daga duwatsun Kagoro, ya faɗo daga tsayin da ya kai kusan mita 30, kuma wurin yana kan hanyar Kafanchan zuwa Madakiya. Wanda ya gan shi a watan Maris bai ga Matsirga ba, ya ga dutse ne da ɗan zirin ruwa. A Satumba kuwa tun kana nesa za ka ji rugugi, in ka matso feshin ya jiƙe maka riga sharkaf, idan rana ta haska sai bakan gizo ya fito a cikin hayaƙin ruwan.

Amma ƙarfin da ya sa wurin ya yi kyau shi ne haɗarinsa. Duwatsun gangaren duk gansakuka ce ta lulluɓe su, santsinta kamar an shafa sabulu. Silifas da takalmin fata mai sulɓin ƙasa su ne ke kayar da mutane. A sa kambas mai gurzajjen roba. Kada kowa ya shiga tafkin da ke ƙasa a wannan wata, ko da gwanin iyo ne, saboda ruwan da ke faɗowa yana juyawa ta ƙarƙashi, yana janyo mutum ya mayar da shi gindin dutse. Abu na biyu da baƙi ba su sani ba: ana iya tafka ruwa a kan tudun Kagoro alhali a inda kake tsaye rana ce tarwai, cikin ɗan lokaci kogin ya ƙaru. Da ka ga ruwan ya fara yin ja yana ɗauko kara da ganye, hau sama. Yara ƙanana a riƙe su a hannu, ba a ce musu "ku tsaya nan" a juya baya.

Waya kuma a sa ta a leda a ƙulle. Feshin kaɗai ya isa ya kashe ta.

Ɗanlami Direba, Television:
Malam Garba ya gama magana kan ruwa, bari in ƙara ta hanya. Motocin Kafanchan a garejin Television ake shiga. Hanyar ita ce Kujama, Kasuwan Magani, Kufana, Idon, Kachia, Zonkwa, sannan Kafanchan; ya haura kilomita 200, a ƙiyasta awa uku da rabi zuwa huɗu a ƙarshen damina domin ramuka sun cika da ruwa, ba ka sanin zurfinsu sai taya ta faɗa. Mai motar kansa ya tashi da ƙarfe bakwai na safe, ya duba safaya da jak da abin goge gilashi, ya cika tanki tun daga Kaduna. Dokar wannan hanya ɗaya ce: kada magariba ta same ka a kanta. A Oktoba rana tana faɗuwa wajen shida da kwata, saboda haka wanda bai baro Kafanchan kafin ƙarfe biyu ba ya nemi masauki ya kwana. Kuma ranar tafiya a tambayi direbobin gareji yadda hanya ta kwana, su ne ke da labarin da ya fi na kowa sabunta.

Maman Ilham, Barnawa:
Yaya Ɗanlami, to Kajuru fa? Ita ai kusa ce.

Ɗanlami Direba, Television:
Kusa ce Hajiya, kamar kilomita 45, hanyar ɗaya ce, a Maraban Kajuru ake karkata. Gidan dutsen nan wani Bajamushe ne ya gina shi a shekarun 1980 bisa salon gidajen sarakunan Turai na da, a kan tsauni. Ba wurin da ake faɗawa kai tsaye ba ne, sai an kama wuri tun da wuri an ba ku rana. Hawan ƙarshe yana da tsayi, ƙaramar mota mai nauyin mutane tana wahala idan ƙasa ta jiƙe. A je da hantsi, a juyo kafin la'asar.

Malama Hadiza, Zariya:
Ina son in gyara wani kuskure da ake yawan yi, domin yana sa mutane su yi tafiyar banza. Baƙo zai zo daga Legas ko Abuja a Satumba yana cewa a kai shi ya ga hawa a Zazzau, saboda ya ga hotunan da aka ɗauka a watan Satumba. Hotunan gaskiya ne, amma na shekarun baya ne. Babbar Sallah ta faɗo 24 ga Satumba a 2015, 12 ga Satumba a 2016, 1 ga Satumba a 2017. Tun daga nan ta fita daga watan, domin shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kwana 10 zuwa 11. Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe wata suke bi, ba damina ko kaka ba. Kowace Sallah sai ta yi shekara talatin da 'yan kai kafin ta sake zagayowa lokacin da ta baro.

Haka Maulidi. Hutunsa ya kama 16 ga Satumba a 2024, ya kama 5 ga Satumba a 2025, daga nan kuma Agusta ya nufa. Don haka mai son ganin zagayen 'yan makarantun Islamiyya da sababbin ɗinkuna da tutoci ya duba 12 ga Rabi'ul Awwal a kalanda, kada ya dogara da "bara a Satumba aka yi".

Abin da Zariya ke da shi a wannan lokaci ba ya buƙatar doki. Daga Kawo kamar kilomita 80 ne. A shiga birni ta Ƙofar Doka a wuce fada. Masallacin Juma'a da ke gefen fada Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim. Daga waje ginin siminti za ka gani, wanda aka lulluɓe tsohon da shi don a kare shi daga ruwa, kuma mutane da yawa nan suke juyawa su ce ba su ga komai ba. Abin kallon yana ciki: ginshiƙan ƙasa masu kauri da zane a jikinsu, da bakuna da aka ɗaure da azarar giginya suka haɗu a sama, babu ƙarfe babu kankare. A je tsakanin hantsi da azahar, ban da ranar Juma'a, a yi sallama ga masu kula da wurin a nemi izini kafin a ɗaga waya. Mata su zo da mayafi babba ko hijabi.

Injiniya Bala, Tudun Wada Zariya:
Malama ta yi daidai. Ƙarin da zan yi kan ganuwa ne. Don Allah kada a bar yara su hau abin da ya rage nata don ɗaukar hoto, musamman yanzu. Ginin ƙasa idan ya sha ruwan wata huɗu, ta gindi yake ciwo: ruwa yana kwanciya a ƙasa ya jiƙa tushe, sama kuma ta bushe ta yi kamar lafiya lau. Nauyin mutum biyu ya isa ya zabtar da ɓangare guda, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Shi ya sa magina na gargajiya ba sa yaɓe sai ruwa ya ɗauke, su kwaɓa ƙasa da ciyawa, su bi da makuba ta ɓawon ɗorawa don ta hana ruwa shiga. Wanda ya zo ƙarshen Oktoba zai iya tarar da wannan aiki a wasu gidajen cikin birni, kuma ya cancanci a tsaya a kalla.

Dutsen Kufena ma yanzu ne lokacinsa, domin daga samansa gonakin dawa da masara ne iya ganinka, iska babu ƙura ko kaɗan. Sharaɗi biyu. A hau da sassafe, saboda hadarin ƙarshen damina da la'asar yake haɗowa, da iska da tsawa, kuma kan dutse fili shi ne mafi munin wurin da tsawa za ta sami mutum. Da an ji cida a fara sauka. Na biyu ciyawa ta kai ƙugu, lokacin macizai ne, kububuwa da kasa ba sa gudu, kwanciya suke a hanya. Dogon wando, takalmi rufaffe, sanda a hannun na gaba, a bi turbar da aka riga aka taka. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau da igiya. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a nufi babban asibiti.

Baba Audu, Kabala:
Ku yara duk kun fita gari. Mai tsofaffi da jarirai fa? Cikin Kaduna akwai abin yini guda. Gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu, an buɗe shi a 1975 a tsohon ginin jam'iyyar NPC, akwai kawunan yumɓu na Nok a ciki, waɗanda aka fara tonowa a ƙasar Jaba wajen haƙar kuza. Daga nan Arewa House a titin Rabah, gidan Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya koma cibiyar binciken tarihi a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ranar aiki ake zuwa waɗannan, da safe, lokacin da ma'aikatan da za su yi bayani suke nan. Da yamma sai lambun shaƙatawa na Gamji, inda gadar ƙafa ta Gwamna Lugga take, wadda aka ƙera a Zungeru a 1904 daga baya aka kawo ta nan.

Sai dai Gamji bakin kogi ne, kuma Satumba ce watan da kogin Kaduna ke cika ya tumbatsa. Mutanen Kigo Road sun san wannan sarai. In an kwana biyu ana ruwa, a haƙura da bakin kogi, kwalekwale kuma ko kyauta ne kada a shiga babu rigar ruwa. Sauro ma yanzu yake da ƙarfi. Yaro ya sa doguwar riga in za a kai magariba a waje.

Sadiq, Unguwar Rimi:
Baba, a ƙara da folo, wato ƙwallon dawaki. Gasar kulob ɗin Kaduna da ke wajen Dandalin Murtala yawanci tsakanin Oktoba da Nuwamba take faɗowa, bayan fili ya tsane, don doki ba ya iya juyi a kan laka. Kofin Georgian da ake fafatawa a kai tun 1919 yake. Mahaya huɗu ne kowane ɓangare, zango ɗaya minti bakwai. Masu yara su tsaya bayan katakon gefen fili da tazara, ƙwallon da doki duka suna ƙetare shi. Ranar ba tsayayya ba ce, a jira sanarwar kulob.

Malam Garba, Kafanchan:
Tunda an taɓo ranaku, ga namu na kudu don kada a zo a ce an yaudari mutum. Bikin Afan na Kagoro 1 ga Janairu ne. Tuk-Ham na Kwoi wajen Ista ake yi. Babu ɗayansu a kaka. Abin da za ka samu a Oktoba shi ne duwatsun Kagoro da hazo ya sauko musu da safe, da gonakin citta a yankin Kachia da Jaba da ganyensu ya fara rawaya, alamar haƙa ta kusa.

Sarkin Fawan Unguwa, Rigasa:
Dambe da kokawa da kalankuwa su ma kada a yi musu gaggawa. Asalin dambe wasan kaka ne, lokacin da manomi ya kai amfani gida, aljihu ya yi nauyi, mahauta su bi ƙauyuka da kalangu. A Satumba gero kawai aka yanke, dawa tana tsaye, fagen ƙauye gona ne har yanzu. Sai Nuwamba zuwa Disamba abin ke kankama. Na gidajen dambe na cikin gari kuwa ana yi kusan kullum da yamma, amma fili ne a buɗe, yayyafi kaɗan ya jiƙa ƙasa an tashi, don ba ɗan damben da zai yarda ya ja da ƙafa a kan santsi. Mai zuwa kallo karo na farko ya sani turmi uku ake yi, hannun da aka naɗe da zare shi ne mashi, ɗayan garkuwa, kuma da gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa. Ya riƙe canji a aljihun gaba don makaɗa, babbar waya kuma ta zauna a ciki.

Maman Ilham, Barnawa:
Ni dai abin da ban ji an ambata ba shi ne ci, kuma baƙo ba ya manta abin da ya ci. Yanzu ne sabuwar masara, da ɗanyar gyaɗa, da gurjiya, da sabuwar doya. Ranar Talata a kasuwar Kawo duk za a same su. Masarar gashi a danna ƙwayar da farce, in ta fitar da ruwa fari kamar madara ita ce, in ta yi tauri ta wuce gashi sai dai dafuwa. Ɗanyar gyaɗa a wanke ƙasar sau uku, a dafa da gishiri kamar minti arba'in, a tsane ta a kwando. Kuskuren da ake yi shi ne a ƙulle ta a leda da zafinta a jefa bayan mota. Kafin a kai Kachia ta yi yauƙi ta fara tsami. A bari ta huce, a zuba a kwano mai huji ko jakar takarda. Sabuwar doya kuma ruwa ne da ita, ba ta sakwara mai kyau sai ta kwana biyu a inuwa, amma ga suya da gashi ba ta da matsala.

Abban Khadija, in baƙin naka kwana biyu kawai za su yi, ka ba Zariya ranar farko, cikin gari ranar biyu. Matsirga tana son kwana uku: ranar zuwa, ranar kallo da safe, ranar dawowa.

Abban Khadija, Unguwar Sarki:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Malam Garba, saura tambaya ɗaya: tsakanin tsakiyar Satumba da tsakiyar Oktoba, wanne ya fi ga mai tafiya da yara 'yan ƙasa da shekara goma?

Malam Garba, Kafanchan:
Tsakiyar Oktoba. Ruwan yana nan da ƙarfinsa, amma gangaren ya fara bushewa, kuma hadari ya ragu. Ku iso wurin kafin ƙarfe goma, ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora zuwa ƙasa, babba ɗaya ga kowane yaro ɗaya.